Makaɗan da Ba a Sa Sunansu a Faifai Ba: Tambayoyi da Amsoshi kan Masu Kaɗa Waƙoƙin Sol

Duk wanda ya taɓa jin “My Girl” ta ƙungiyar Temptations, wadda ta fito a ƙarshen 1964, zai tuna farkonta. Bes, wato jita mai kaurin sauti, ce ke fara bugawa kamar bugun zuciya, sai jita ta shigo da sautuka shida tana hawa ɗaya bayan ɗaya kamar mai taka tsani. Kafin mawaƙi ya buɗe baki, an riga an gane waƙar. Mai bes ɗin sunansa James Jamerson, mai jitar kuma Robert White, kuma babu ko ɗayansu da sunansa ya hau faifan. Tambayoyin da ke ƙasa a kan irin waɗannan mutane ne.

Wai su wa ake kira makaɗan situdiyo?

Makaɗa ne da kamfanin faifai ke ɗauka su kaɗa wa mawaƙi ranar naɗar waƙa. A biya su ladan zama, su naɗe wayoyinsu su tafi gida, gobe su dawo su kaɗa wa wani. Idan faifai ya fito, hoton mawaƙi ne a bango, a ƙarƙashin sunan waƙa kuma a ga wanda ya rubuta ta da furodusa. Mai ganga, mai jita, mai fiyano da masu busa, babu labarinsu.

Bahaushe ba baƙon wannan ba ne. Mutum zai haddace waƙar babban mawaƙi tun daga farko har ƙarshe, amma a tambaye shi sunan mai kalangun da ke riƙe da kiɗan, ko ’yan amshin da ke bayansa, sai ya yi shiru. Bambancin shi ne a can Amurka kuɗin da ke cikin harkar miliyoyin daloli ne, kuma makaɗa ƙalilan ne ke bayan mawaƙa da yawa a lokaci guda.

Mene ne shi kansa kiɗan sol?

Salo ne na baƙaƙen fatar Amurka da ya kankama a ƙarshen shekarun 1950, ya yi tashe a shekarun 1960 zuwa farkon 1970. Kalmar a Turanci tana nufin rai. An ɗauko zafin waƙoƙin coci, da bayarwa da amshi irin nasu, aka haɗa da buluz, aka mayar da zancen kan soyayya da wahalar rayuwa. Garuruwan da suka fi shahara da shi su ne Detroit, Memphis, Muscle Shoals da Philadelphia, kuma kowanne yana da nasa ƙaramin gungun makaɗa. Abin da mutane ke kira “sautin gari kaza” galibi hannun mutane ƙalilan ne.

Su waye Funk Brothers da ake yawan ambata?

Su ne makaɗan gidan Motown. Berry Gordy ya kafa kamfanin a Detroit a 1959 da rancen dala 800 daga asusun danginsa. Kafin nan ya yi aiki a masana’antar haɗa motoci, kuma tsarin can ya ɗauko: wani ya rubuta waƙa, wani ya tsara kiɗa, makaɗa su naɗa, mawaƙi ya ɗora murya, ranar Juma’a a zauna a tace wadda za ta fita kasuwa. A wannan layin, makaɗa su ne injin da ba a kashewa.

Ya tsinto su ne daga gidajen rawa na Detroit inda suke kaɗa jaz. Joe Hunter ne shugabansu na farko a fiyano, daga baya Earl Van Dyke ya karɓa. Akwai Benny Benjamin a ganguna, sai Richard “Pistol” Allen da Uriel Jones. Jita uku, Robert White, Eddie Willis da Joe Messina. Jack Ashford da ƙaramin bandirinsa mai kacau-kacau. Eddie “Bongo” Brown a gangunan hannu. Johnny Griffith a fiyano. Sai bes, Jamerson da Bob Babbitt. Su goma sha uku ke nan da aka fi ƙirgawa, duk da cewa wasu da dama sun shiga sun fita.

Wurin aikinsu gareji ne da aka gyara a bayan gida mai lamba 2648 a titin West Grand Boulevard. Don ƙanƙantarsa da wayoyin da ke reto daga sama, suka laƙaba masa suna ramin macizai. A nan suka kaɗa wa Supremes, Four Tops, Miracles, Stevie Wonder, Marvin Gaye da sauransu. Sau da yawa ba su ma san wa zai rera waƙar ba, don ana naɗar kiɗa tukuna, murya ta biyo baya. Kuma ba su raina abin kaɗawa: a “Where Did Our Love Go” ta 1964, takun ƙafa ne a kan katako ke riƙe da kiɗan, a “Nowhere to Run” ta 1965 kuwa har sarƙar da ake ɗaura wa tayar mota lokacin dusar ƙanƙara aka jijjiga.

Me ya sa kullum sai an ware James Jamerson an yi zancensa daban?

Saboda shi ya canza aikin bes. Kafinsa, mai bes a waƙoƙin kasuwa ɗan gadi ne: ya riƙe sauti biyu ko uku, ya yi ta maimaitawa har waƙa ta ƙare. Jamerson, wanda aka haifa a South Carolina a 1936 ya koyi babbar bes ta katako a Detroit, ya zo da tunanin ɗan jaz. Sai ya riƙa yawo a ƙarƙashin muryar mawaƙi, ya yi gaba, ya dakata, ya shigo ta inda ba a zata ba, amma bai taɓa sakin rawa ba. Bes ɗinsa waƙa ce ta biyu a cikin waƙa.

Abin mamaki, da yatsa ɗaya yake yin duk wannan, manuniyar hannun dama, wadda aka yi wa laƙabi da ƙugiya. Jitarsa Fender Precision ce ta 1962. Ba ya canza mata tsirkiya sai in ta tsinke, ba ya goge dattin da ya taru a wuyanta, ga soso a ƙarƙashin tsirkiyoyin don sautin ya fito a dunƙule ba tare da dogon amo ba. Abokan aikinsa sun ba da labarin cewa daren da za a naɗi “What’s Going On”, sai da Marvin Gaye ya je ya nemo shi a gidan rawa, ya zo a gajiye kuma a buge, ya kasa zama a kujera, ya kwanta rigingine a ƙasa ya kaɗa. Paul McCartney ya sha faɗin cewa ya koyi abubuwa da yawa daga mai bes na Motown, alhali a lokacin ko sunansa bai sani ba.

To me ya hana a rubuta sunayensu? Mugunta ce?

Ba za a ce mugunta ce zalla ba, ba kuma za a wanke kamfanoni ba. Al’adar masana’antar ce a lokacin, musamman a ƙananan faya-faye masu waƙa ɗaya a kowane gefe, inda ma babu fili. Amma a Motown akwai lissafi a ciki. Kamfani na sayar da taurari ne, kuma idan abokan hamayya suka san su wa ke kaɗa wannan kiɗa, za su zo da jakar kuɗi su janye su, ko makaɗan da kansu su tsawwala farashi. An hana su kaɗa wa wasu kamfanoni, ana kuma cin tarar wanda aka kama.

Su ma ba su zauna ba. Sukan sulale da dare su yi aikin gefe. “Cool Jerk” ta Capitols a 1966 hannunsu ce, haka “Higher and Higher” ta Jackie Wilson a 1967, wadda suka tafi har Chicago suka kaɗa wa wani kamfani. Mai kunne yana jin waɗannan zai ce Motown ce, kuma bai yi kuskure ba.

Sai a 1971, a kundin “What’s Going On”, aka fara jera sunayensu a bangon faifai, bayan shekara goma sha biyu suna aiki. Benny Benjamin bai ga wannan rana ba, ya rasu a 1969.

Shin ba a biyansu ne?

Ana biya. Wasunsu ma, lokacin da kasuwa ke ci, sun samu albashi mai tsoka fiye da ma’aikacin masana’antar mota. Matsalar ita ce irin biyan. Nasu na jinga ne: a yi zama, a biya, magana ta ƙare. Ko waƙa ta sayar da kwafi dubu ko miliyan, ko an yi shekara hamsin ana sa ta a rediyo da talla, kuɗin da ke biyo baya na mai kamfani ne da wanda aka rubuta a matsayin marubucin waƙa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Dokar haƙƙin mallaka ita ta ɗaure wa hakan gindi. A al’adar da ake bi, “waƙa” na nufin baituka da karin da ake rerawa. Salon ganga ko layin bes, ko da shi ne ya sa jama’a suka tashi rawa, ana lissafa shi cikin aikin da aka riga aka biya. Sannan a Amurka gidajen rediyo na AM da FM marubuci da kamfanin da ke riƙe da rubutun kawai suke biya, har yau ɗin nan. Ko mawaƙiyar ba ta samun komai daga rediyo in ba ita ta rubuta ba. Duk sa “Respect” ta Aretha Franklin da aka yi, kuɗin rubutun ya tafi ne ɓangaren Otis Redding, wanda ya fara fitar da ita a 1965. In mai murya ba ta samu ba, ina ga mai ganga?

An ɗan gyara daga baya. A rediyon intanet da na tauraron ɗan’adam, doka ta raba kuɗin faifai kashi 50 cikin ɗari ga mai mallakarsa, 45 ga mawaƙin da ke gaba, 5 ga makaɗa da ’yan amshi su raba. Faya-fayen da aka naɗa kafin 1972 kuwa sai a 2018 wata sabuwar doka ta shigo da su sosai cikin wannan tsari. A lokacin galibin masu wannan labari suna ƙasa.

Yaya abin yake a Memphis? Na ji an ce can makaɗan sun yi suna.

Gaskiya ne, kuma dalilin ya cancanci a duba. Jim Stewart da yayarsa Estelle Axton ne suka kafa kamfanin faifai na Stax, situdiyonsu tsohon gidan silima ne a titin East McLemore, daɓensa a gangare yake kamar yadda aka gina shi don ’yan kallo. A 1962, makaɗan gidan suna ɗan taɓa kiɗa a tsakaninsu, aka naɗa, aka fitar da shi da sunan “Green Onions”. Babu murya a ciki, don haka dole aka sa sunan masu kaɗawa: Booker T. & the M.G.’s. Booker T. Jones, mai ogan, yana ɗan shekara 17.

Tare da shi akwai Steve Cropper a jita, Al Jackson Jr. a ganguna, Lewie Steinberg a bes, wanda Donald “Duck” Dunn ya gaje shi. Su suka kaɗa wa Otis Redding, Sam & Dave, Eddie Floyd, da Wilson Pickett a zuwansa na 1965. Aikinsu ya bambanta da na Detroit. Ba a cika zuwa da kiɗa a rubuce ba. Otis yakan tsaya gaban masu busa ya rera musu abin da yake ji a kansa da baki, su ɗauka nan take. A “In the Midnight Hour”, furodusa Jerry Wexler ya taka musu wata rawa da matasa ke yayi, sai Jackson da Cropper suka ɗan jinkirta bugu na biyu da na huɗu, kamar mai tafiya yana jan ƙafa da gangan. Wannan ɗan jinkirin ya zama tambarin gidan.

Cropper ya tsira daga talaucin ’yan jinga ne domin yana rubuta waƙa: sunansa na kan “In the Midnight Hour”, “Knock on Wood” da “Dock of the Bay”. A “Soul Man” ta 1967 ma, Sam Moore ya kira sunansa a tsakiyar waƙa. Amma Memphis ta sha nata ɗacin. A 10 ga Disamba 1967, jirgin Otis Redding ya faɗa tafkin Monona a Wisconsin, ya mutu tare da huɗu daga cikin matasan Bar-Kays da ke kaɗa masa. Mai busa Ben Cauley kaɗai ya fita da rai. Al Jackson kuma harbe shi aka yi a gidansa a 1975, shekarar da Stax ta durƙushe.

A wani ɓangaren garin, a kamfanin Hi na Willie Mitchell, ’yan’uwa uku ne ’yan gidan Hodges, Teenie, Leroy da Charles, tare da Howard Grimes, suka shimfiɗa wa Al Green kiɗan nan mai laushi da nauyi.

Da gaske ne wasu daga cikin makaɗan nan Turawa ne?

Da gaske ne. A Stax, Jones da Jackson baƙaƙe ne, Cropper da Dunn farare, suna aiki ɗaki guda a garin da a farkon shekarun 1960 ba za su iya cin abinci a teburi ɗaya a yawancin wurare ba. Otal ɗin Lorraine na cikin ’yan wuraren da suke iya haɗuwa su rubuta waƙa. A barandar wannan otal aka harbe Martin Luther King Jr. ranar 4 ga Afrilu 1968, kuma mutanen Stax da kansu sun ce daga ranar zaman bai koma yadda yake ba.

Inda abin ya fi ɗaure kai shi ne Muscle Shoals, ƙaramin gari a bakin kogin Tennessee a jihar Alabama, jihar da gwamnanta George Wallace ya rantse a 1963 cewa wariya za ta dawwama. A nan Rick Hall ya buɗe situdiyon FAME, makaɗansa kuma samarin karkara ne farare da suka tashi da sauraron kiɗan baƙaƙe. A Janairun 1967 Wexler ya kawo Aretha Franklin. Aka zauna kan waƙar “I Never Loved a Man”, an rasa ta inda za a kama ta, sai Spooner Oldham ya taɓa wani ɗan salo a fiyanon lantarki, kowa ya bi bayansa. Da dare rigima ta tashi tsakanin mijin Aretha da ɗaya daga cikin masu busa, zama ya watse. Wexler bai haƙura da makaɗan ba, ya kwashe su zuwa New York, inda a watan Fabrairu suka naɗi “Respect”, Roger Hawkins a ganguna, Tommy Cogbill a bes, King Curtis a saksafon, ’yan’uwan Aretha, Erma da Carolyn, suna amshi.

A 1969 Hawkins, Jimmy Johnson, David Hood da Barry Beckett suka yi abin da ’yan Detroit ba su yi ba. Suka bar ubangida, suka buɗe nasu situdiyon a lamba 3614, Jackson Highway, a Sheffield. Su ne a “I’ll Take You There” ta Staple Singers a 1972, inda Mavis Staples ke kiran “ƙaramin David” ya ba ta bes. Paul Simon ya ji faifan ya nemi a haɗa shi da makaɗan, yana zaton baƙaƙe ne.

Kada dai a zaƙe da wannan labari. Yana da daɗin ji, shi ya sa ake yawan maimaita shi, har yakan danne gaskiyar cewa tushen kiɗan na baƙaƙe ne, mafi yawan makaɗansa baƙaƙe ne, kuma a jihohin kudancin ƙasar masu kamfani da situdiyo galibi farare ne.

Mata fa?

A amshi suka fi yawa. Andantes, wato Jackie Hicks, Marlene Barrow da Louvain Demps, muryoyinsu na kan ɗimbin faya-fayen Motown, har da wasu da aka fitar da sunan ƙungiyoyin mata na kamfanin. A New York akwai Sweet Inspirations ta Cissy Houston, mahaifiyar Whitney. A kayan kiɗa kuwa akwai Carol Kaye, mai bes a Los Angeles, wadda ta ce ita ta kaɗa wasu waƙoƙin da mutanen Detroit suka dage na Jamerson ne. Motown ta yi naɗi a garuruwan biyu, kuma da an rubuta suna tun farko, da wannan gardama ba ta taso ba.

Akwai wanda ya fara daga baya ya dawo gaba?

Akwai. Marvin Gaye ganga ya fara bugawa a Motown. Isaac Hayes ɗan fiyano ne a Stax kafin ya zama tauraro. Jimi Hendrix ya yi wa Isley Brothers da Little Richard jita. A Philadelphia, makaɗan furodusoshi Gamble da Huff, waɗanda ake kira MFSB, sun kai lamba ɗaya a jerin waƙoƙin da suka fi tashe a 1974 da kiɗan “TSOP”, kuma daga hannun mai gangarsu Earl Young bugun disko ya samo asali.

Me ya faru da Funk Brothers daga ƙarshe?

A 1972 Motown ta tattara ta koma Los Angeles. A cewar wasu daga cikinsu, takarda suka tarar manne a ƙofa cewa babu aiki. Wasu suka koma gidajen rawa, wasu suka bi kamfani. Jamerson ya bi, amma idan kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza, shi kuwa ya ƙi. Furodusoshin can na son sauti mai ƙara da sabuwar tsirkiya, ga shaye-shaye ya ci ƙarfinsa, kira ya yi ta raguwa. An ruwaito cewa a bikin cikar Motown shekara 25, a 1983, tikiti ya saya ya zauna a sama cikin ’yan kallo. An sace jitarsa, ya rasu a watan Agustan shekarar yana da shekara 47.

Allan Slutsky ne ya tono labarin da littafinsa na 1989 kan Jamerson, wanda ya zama fim a 2002 mai suna “Standing in the Shadows of Motown”. Shi ya ba da labarin ranar da suke cin abinci da Robert White, sai “My Girl” ta tashi a lasifika. White ya ɗago zai gaya wa mai kawo abinci cewa shi ne ke jitar, sai ya fasa, don yana ganin za a ɗauke shi tsohon da ya zautu. Ya rasu a 1994. An sa Jamerson a zauren karrama mawaƙa na Rock and Roll Hall of Fame a 2000, Benjamin a 2003, aka ba ƙungiyar lambar Grammy ta aikin rayuwa a 2004.

Shin kiɗansu na nan a waƙoƙin yau?

Yana nan, a yanke. Masu hip-hop sukan ciro ɗan guntun tsohon faifai su yi ta juya shi a kwamfuta. Wanda aka fi yi wa haka shi ne Clyde Stubblefield, mai gangar James Brown, da ’yan daƙiƙoƙin da ya buga shi kaɗai a “Funky Drummer”, wadda aka naɗa a 1969. An ɗora ɗaruruwan waƙoƙi a kai. Tun da ba sunansa ne a rubutun ba, kuɗin bai bi ta hannunsa ba. Ya rasu a 2017 bayan doguwar jinya.

Idan ina son in ji aikinsu da kunnena, ta ina zan fara?

Sa abin saurare a kunne biyu, ka yi kamar babu mawaƙi. Fara da “Bernadette” ta Four Tops ko “I Was Made to Love Her” ta Stevie Wonder, duk na 1967, ka bi bes ita kaɗai daga farko zuwa ƙarshe. Suna ma cikin waƙoƙin da ake gardama a kansu da Carol Kaye. Sai ka koma “Try a Little Tenderness” ta Otis Redding. A farko babu ganga. Can sai ka ji Al Jackson yana ɗan ƙwanƙwasa bakin ganga da sanda, tak, tak, kamar agogon bango, bai ƙara ba bai rage ba, har sai da Otis ya fara zafi, sannan ya sake ta gaba ɗaya.